Daminar da Na Shuka Tsaki

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da Tafoki, kuma ni ne na farko a zuriyarmu da ya taka jami'a. Noma na karanta. Ranar da na gaya wa mahaifina fannin da aka ba ni, ya dube ni ya ce, "Noman da muka kai ka boko don ka kuɓuce mishi?" Na ce masa wannan noman daban ne, na injuna ne da takin zamani. Ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa.

Na gama karatu a shekarun da kuɗin man fetur ya cika ƙasa. A lokacin aiki ne ke farautar mai digiri. Tun muna bautar ƙasa ake biyo mu da takardun ɗaukar aiki, mutum ya zauna yana zaɓe kamar mai sayen goro. Abokaina suka bazu ma'aikatun gwamnati a Kaduna, kowa da teburinsa da masinjansa. Ni kuwa wani Alhaji mutumin Faskari ya aiko a kira ni. Ɗan kwangila ne da ya yi arziki da gina azuzuwa da kwalbatoci, sai ya ga masu kuɗi suna buɗe manyan gonaki, shi ma ya sa katafila ta share masa daji a wajen Damari, kan hanyar Sabuwa. Ya sayo taraktoci shida jajaye da injin shuka biyu daga ƙasar waje, yana neman wanda zai riƙe masa gonar.

A zaurensa muka gana. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Ka san injinan nan?"

"Mun karanta su, Alhaji."

"To ai shi ke nan. Kai ɗan gida ne, ga ka da digiri. Gobe a kai ka ka gani."

Ban yi masa ƙarya ba, mun karanta su. Zan iya zana injin shuka a allo in sa wa kowane sashe sunansa na Turanci. Na san sunayen ƙasa iri iri, na san tsutsotsin da ke cin alkama a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Shekarar ƙarshe kacokan na yi ta ne ina auna tsawon ganyen wake a cikin tukwane goma sha biyu a bayan ɗakin gwaji. Tarakta ɗaya ce a sashenmu, tana ƙarƙashin rumfa ba tayar baya. Sau ɗaya aka kai mu wurinta, muka kewaye ta da littattafai a hannu, malami yana nuni da sanda, kuma an gargaɗe mu kada wanda ya taɓa. Da wannan aka ba ni takardar da ke cewa ni masanin noma ne, ni ma kuma na yarda.

A gonar akwai wani dattijo bakanike da kowa ke kira Baban gareji. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yatsansa ɗaya na hagu guntu. Ya yi gyaran motocin soja lokacin yaƙin basasa, bayan nan ya yi aiki da masu gina hanya. Shi ya karɓi taraktocin nan a akwatuna, shi ya harhaɗa su, shi ya ɗauko direbobin ya koya musu. Kafin zuwana shi ke tafiyar da gonar, kuma kowa ya ɗauka shi za a tabbatar. Sai ga ni, sa'an ɗansa, an sauke ni daga motar Alhaji da farar riga da biro uku a aljihu, an ba ni gidan kwano da ofis, shi yana kwana a ɗakin da ke jikin gareji.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, ina wuni?"

Bai miƙo hannu ba. Ya nuna mini tafinsa da baƙin mai, ya ce, "Kada in ɓata maka riga, Manaja." Yadda ya ja kalmar nan ta manaja, direbobin da ke wurin suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Ba zan wanke kaina ba. Makonni biyu da zuwana na kafa allo a ƙofar gareji na rubuta dokoki da Turanci, alhali na san mutum biyu ne kacal a wurin ke iya karantawa. Na ce ba tarakta da za ta fita sai na sa hannu. Na ce kowane umarni daga ofis zai fito, wanda ya yi gaban kansa a bakin aikinsa. Baban gareji ya sa aka karanta masa allon daga sama har ƙasa, ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Mun huta da tunani."

Tun daga ranar bai ƙara ba ni shawara ba, ni ma ban nema ba. Idan na shiga gareji hira ta mutu. Idan na fita sai in ji an kwashe da dariya a bayana. Da rana su ci abinci tare a gindin ɗorawa, ni in ci nawa a ofis ƙofa a rufe.

Ruwa ya sauka sosai, ƙasa ta jiƙa, aka gama haro, wato tarakta ta farfasa ƙasa. Alhaji masara yake so, don a lokacin ita ake yayi a manyan gonaki. Ya aiko da irin da aka sayo masa, ƙwaya manya masu faɗi, an rina su da jan magani. Ranar da za a fara shuka, Baban gareji ya fito da injin shuka fili, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera wasu fayafayan ƙarfe a kai, kowanne da ramuka a gefensa. Faifan nan shi ke zama a gindin mazubin iri, yana juyawa yana ɗaukar ƙwaya ɗaya ɗaya yana sakewa cikin ƙasa. Direbobi da leburori duk suna tsaye.

"Manaja," in ji shi, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "wanne za a sa?"

Na san jarrabawa ce. Na koma ofis na ɗauko littafin injin. Da harshen ƙasar da aka ƙera shi aka rubuta, amma akwai jadawalin lambobi, lissafi kuwa ba abin da na fi iyawa. Na auna tazarar da nake so tsakanin shuka da shuka, na lissafa juyin taya da juyin faifai, na fitar da yawan ramukan da ake bukata. Lissafina daidai ne, har yau ina iya maimaita shi. Na fito na ƙirga ramuka, na ɗaga faifai ɗaya.

"Wannan."

Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya dube ni. "Wanga?"

"Shi na ce."

"Yadda ka ce, Manaja."

Kwana huɗu ana shuka. Ina tsaye a bakin gona da hular rana, ina kallon injuna suna jan layuka miƙaƙƙu kamar an sa igiya. Ban taɓa jin girman kai irin na kwanakin nan ba. Bai faɗo mini ba ko sau ɗaya in bi bayan injin in sa yatsa in tona in ga abin da ke shiga ƙasa. Ba wanda ya taɓa gaya mini ana yin haka, kuma abin takaici, da a gonar mahaifina ne da sungumi, da idona na kan kowace ƙwaya. Na ɗauka injin ya fi ƙarfin a duba aikinsa.

Mako ya wuce. Gonakin mutanen Damari da ke kewaye da mu suka yi kore da gero da dawa. Tamu tsiro ɗaya nan, sai ka yi taku goma kafin ka ga wani. Na ce wa kaina irin waje ne, yana da nawa wajen tsira. Bayan kwana goma na shiga tsakiyar gona ni kaɗai da sassafe, na durƙusa na tona layi. Abin da na tarar ɓarɓashin masara ne, rabi da kwata, jajaye, sun fara ruɓewa. Na matsa gaba na tona, haka. Na tsallaka wani layi, haka. Ramukan faifan da na zaɓa sun yi wa ƙwayar nan ƙanƙanta. Ƙwaya ta shiga rabi, faifai ya juya, ƙarfen da ke sama ya datse ta. Kwana huɗu injin yana ɓarza masara yana binnewa, ni ina tsaye ina murmushi.

Na tafi gareji hannuna cike da ƙasa da tsaki. Baban gareji yana zaune kan tsohuwar taya yana goge sifana. Na watsa masa a gabansa.

"Ka sani!"

Ya dubi abin da ke ƙasa, ya ci gaba da gogewa. "Na san mi?"

"Ka san faifan nan zai fasa iri. Ka sani tun ranar, ka yi shiru."

"Kai ka tambaye ni?"

"Sai na tambaye ka? Dukiyar mutum ce fa!"

"Ga allonka can," ya nuna da sifanar. "Ka ce wanda ya yi gaban kai nai a bakin aiki nai. Ni ina da iyali. Shekara nawa ka yi a jami'a? Ni ko aji ɗaya ban yi ba. Ina ni ina gyara wa mai digiri?"

Na ce masa mugu ne. Na ce tsufansa bai amfane shi da komai ba. Wannan magana na faɗa wa sa'an mahaifina, a gaban mutane, abin da ko a mafarki ban taɓa zaton zai fito daga bakina ba. Ya miƙe tsaye, sifana a hannu, idonsa ya yi ja. Direbobi biyu suka shiga tsakani. Ɗayansu, wanda ya ja injin, daga baya ya gaya mini tun layin farko ya ji ƙarar ɓarza, ya je ya faɗa wa Baba, Baba ya ce masa ya ja bakinsa ya yi tuƙinsa.

Alhaji ya zo washegari. Bai shiga ofis ba, ya sa direbansa ya bi da shi gefen gonar a hankali daga farko har ƙarshe. Da ya sauko ya tara mu duka a fili.

"Kai," ya ce da ni, "na tambaye ka ka san injin, ka ce kun karanta. Ashe karatun ke nan? Da takarda nike so da na sayo jarida. Mutum nike so wanda zai tsaya a gona ya san abin da aka yi." Ya juya ga Baban gareji. "Kai kuma, Malam, don ka kunyata yaro ka kashe mini damina. Da ba don ba mai taɓa injinan nan sai kai ba, yau za ka kwashe kayanka."

Bai kori kowa ba. Ni yana bukatar takardata, don da ita yake shiga ofisoshin da ke raba taki da iri. Shi kuma Baban gareji, hannunsa Alhaji yake bukata. Ya shiga mota ya bar mu tsaye muna hararar juna.

Labari ya riga ya zaga. A kasuwar Sabuwa aka sa mini suna mai shuka tsaki. Masu wucewa kan jakuna sukan tsaya a bakin gonar su yi ta nuni. Ranar kasuwa mahaifina ya hau kekensa tun daga gida ya zo, don an kai masa labari har masallaci. Bai yi mini faɗa ba. Ya jingine keken, ya shiga gonar, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya dubi sama.

"Masara ta wuce," ya ce. "In ka sake ta yanzu ruwa zai ɗauke ya bar ta da goyo. Ka sa wake, ka sa gajerar dawa a fadamar can. Kuma kada ka jira ƙarfen nan, ka nemo mutane."

Da zai tafi ya bi ta gareji. Ina jinsa daga nesa ya yi sallama, ya gaida Baban gareji da girmamawa, ya ce, "Malam, an ce ɗana ya gaya maka magana. Ka yi haƙuri, ba haka na rene shi ba." Baba ya amsa a daƙile. Wannan ban haƙuri ya fi faɗan Alhaji ƙona mini rai, don a ganina ni aka cuta.

Mutane na nemo. Akwai unguwannin Maguzawa a yammacin gonar, matansu manoma ne na gaske, sun kuma gama tasu shukar. Suka zo su da mazansu, da sungumi da ƙorai. Maza na gaba suna sara, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, suna waƙa. Taraktoci shida na jere a rumfa. Wata tsohuwa a cikinsu ta tsaya kusa da ni tana gyara ɗaurin zane, ta ce, "Ɗan nan, an ce har birnin Zariya ka je koyon wannan?" Ba da mugunta ta faɗa ba, tambaya take yi tsakani da Allah.

Da aka sami sararin aiki na shirya na koma jami'armu, raina a ɓace. Na sami malamin da ya koya mana injunan noma a ofishinsa, ƙarƙashin fanka, da tarin takardun jarrabawa a gabansa. Ya gane ni, don na ci darasinsa da kyau. Na ba shi labarin duka, ban ɓoye komai ba. Na ce, "Malam, da za a riƙa tura ɗalibai gonaki irin tamu su yi damina guda kafin su gama, da abin da ya same ni bai sami wani ba. Ni zan karɓi ko mutum huɗu ne, ga wurin kwana."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce jami'a ba makarantar koyon sana'a ba ce. Ya ce su masu tunani suke yayewa, sa faifai aikin ƙananan ma'aikata ne, kuma da na san matsayina da ban tsaya ina taɓa ƙarfe ba. Ya ce manhaja ba a taɓa ta don wani ɗan kwangila ya yi asarar masara.

Na ce, "Malam, kai ka taɓa sa faifan nan a injin?"

Ya mayar da tabaransa, ya jawo takarda ɗaya daga tarin, ya ce yana da aiki. Na fito. Na bi ta rumfar sashenmu don in huce kafin in nemi mota, na tarar da sababbin ɗalibai a zaune kan benci suna haddace zanen injin shuka, gobe suna da gwaji. Na wuce su na tafi neman mota.

Da na dawo Damari na cire allon dokoki da hannuna. Na sayi rigar aiki mai ruwan toka a kasuwar Faskari, na shiga gareji na ce, "Baba, ina so in koya."

Ya ce, "Ni ba malami ba ne."

Bai koya mini ba, bai kuma kore ni ba. Ina tsaye yana aiki, in na matso ya juya mini baya ya kare abin da hannunsa ke yi. In na yi tambaya ya ce, "Ba ya cikin littafi?" Wani lokaci ya turo mini bokitin kananzir da ƙafa ba tare da ya dube ni ba, in zauna in wanke kusoshi da ƙarafa, manaja guda, direbobi suna wucewa suna kallo. Na haɗiye. A cikin wankin nan na san kowane ƙarfe da inda yake zama. Da rani, ranar Juma'a da kowa ya tafi gari, na ɗaga injin shuka a kan jak, na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi, na zuba iri, na riƙa juya tayar da hannu ina duba abin da ke faɗowa. Na gwada fayafayan nan ɗaya bayan ɗaya da masara da dawa da wake da gyaɗa, har na san na kowanne ba sai na duba lamba ba. Aikin yini guda ne. Shekara huɗu na yi a jami'a ba a ba ni yinin nan ba.

Damina ta biyu masara ta yi kyau, har Alhaji ya riƙa kawo baƙi daga Funtuwa su gani. A gabansu yakan dafa kafaɗata ya ce ga ɗan jami'arsa. Baban gareji yana jin haka daga rumfa. Bayan girbi ya tattara akwatin sifanunsa ya tafi, ko sallama bai yi wa Alhaji ba, balle ni. Na yi murna a ranar, ba zan ɓoye ba. Kafin shekara ta zagayo taraktoci biyu sun kwanta da ciwon da ban san kansa ba, bakaniken da aka ɗauko daga birni kuma ya ƙara lalata su. Daga baya kayan gyara suka daina shigowa, kwangila ta ja baya, Alhaji ya raba gonar ga masu aro. Ni na koma aikin gwamnati, a can na yi ritaya.

Sau ɗaya na ƙara ganin Baban gareji, bayan shekaru masu yawa, a Ƙanƙara ranar kasuwa. Na je duba rumbun taki, sai na hango shi a wata rumfar kwano a bayan 'yan hatsi, ya tsufa ƙwarai, yana kwance injin niƙa. Na sa direba ya tsaya. Na ƙarasa na yi sallama, na rage tsawo na gaishe shi, na tambaye shi ko ya gane ni.

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi motar gwamnati da ke bayana.

"Na gane ka," ya ce.

Na ce na zo ne in roƙi gafara kan maganar da na gaya masa a gaban mutane. Na tsaya ina jira, a raina ina sa ran shi ma zai ce wani abu game da masarar. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, da muryar da ake sallamar mai talla da ita. Sannan ya ce in ɗan matsa gefe, na tsaye masa a haske, matar da ta kawo injin tana jira tun safe.

Na matsa. Na ɗan ƙara tsayuwa ina kallon hannunsa yana ɗaure kusoshi, sannan na koma mota muka wuce.